Daga Maiduguri Zuwa Duwatsun Gashaka-Gumti

Idan a Maiduguri aka haife ka, ko kuwa a nan ka tashi, mai yiwuwa ne ba ka taɓa ganin dutse na sosai ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Ko ta wace ƙofa ka fita daga gari, sai dai idonka ya gaji da hange, amma ba abin da zai tare shi, in ban da itatuwan maina da na ƙaya. Ɗan tudun yashin nan da ya ratso gari ya nufi Bama, wanda masana suka ce tsohuwar gaɓar tafkin Chadi ce, ko mai keke yana haye shi ba tare da ya yi haki ba. Saboda haka idan malami ya ce wa ɗalibai a aji akwai wurin da ake rawar ɗari a cikin watan Afrilu, a cikin Nijeriyar nan, sai su yi murmushi kawai. Ba su ƙaryata shi ba, amma ba su gaskata shi ba.

Akwai wurin. Sunansa Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne ake samun Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya: mita 2,419 daga matakin teku. Maiduguri kuwa ba ta wuce mita 300 da 'yan kai ba. A wannan darasi za ka bi iyali guda a mota, wato iyalina, daga gida har zuwa can, domin ka ga abin da wannan bambanci na kimanin mita 2,000 yake yi wa iska da ruwa da itatuwa da dabbobi, har ma da mutane.

Kafin mu tashi, bari mu gyara kalmominmu, don za mu buƙace su. Tudu shi ne wurin da ya ɗaga kaɗan. Dutse yana nufin ƙaramin da kake jifa da shi, yana kuma nufin babban da kake hawa; jam'insa duwatsu. Tsauni tudu ne mai tsawo da wuyar hawa, jam'insa tsaunuka. Kwari shi ne wurin da ya faɗa tsakanin tuddai, kwazazzabo kuwa ramin da ruwa ya zaizaye. Gandu a asali babbar gonar iyali ce wadda kowa a gida yake nomawa tare, amfaninta kuma na kowa ne. Da Hausawa suka so raɗa wa dajin da hukuma ta keɓe suna, sai suka ce gandun daji. A ganina sun yi dace da suna, kuma za ka gane dalili nan gaba.

Tafiyar ta kwana biyu ce ga mai ɗauke da yara. Ba a yin ta sai da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da rafuka suka janye, hanyoyin cikin daji suka bushe. Abu na farko da maigida zai yi, tun kafin ya duba taya da birki da ruwan lagireto, shi ne ya tambayi labarin hanya. Ba sai na faɗa maka dalili ba. Tun daga shekarar 2009 rikici ya sauya yadda ake tafiye-tafiye a Borno, kuma hanyar da ta miƙe daga Maiduguri ta bi ta Damboa zuwa Biu, mai tsawon kimanin kilomita 185, ta sha kasancewa a rufe ko cikin haɗari. Matafiya da yawa sukan gwammace su zaga ta Damaturu, wasu ma har ta Potiskum da Gombe. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da ake ciki a kowane mako, su ake tambaya. Ba a kuma tafiyar dare.

Biu ita ce makarantar farko. Tun kafin a shiga gari mota take fara nishi, ƙasa ta sauya daga farin yashi zuwa baƙaƙen duwatsu. Waɗannan duwatsu narkakku ne da suka fito daga cikin ƙasa a zamanin da tuddan Biu suke aman wuta, suka huce suka daskare. Tafkin Tila da ke kusa da garin a cikin bakin irin wannan tsohon dutse yake zaune. Nan yara suka fara ganin gona a jikin tudu, an jera duwatsu layi-layi don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Daga nan sai gangara zuwa kwarin Binuwai. A Numan ake ƙetare kogin, kusa da inda Gongola yake zuba a cikinsa, kuma zafin wurin ba ya da bambanci da na gida, don an sake saukowa. Riƙe wannan a ranka: mun yi nisa zuwa kudu, amma ba mu sami sanyi ba. Ashe ba nisa ne yake kawo sanyi ba. A Jalingo, babban birnin Taraba, muka kwana.

Washegari hanya ta ɗauke mu zuwa Bali, inda ake haye kogin Taraba, sannan Serti, garin da ofishin gandun yake kusa da shi. Wanda ya sa ido a kan itatuwa zai ga ana ta sauyi. Aduwa da bagaruwa sun ɓace tun jiya. Ɗorawa da kaɗanya da maɗaci sun karɓe su, daji ya yi kauri, ciyawa ta fi mutum tsawo, duwatsu kuma sun fara bayyana a gabas, shuɗi-shuɗi a cikin hazo. Ƙaramar 'yata ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Baba, hadari ya taso." Ba ta taɓa ganin wani abu mai duhu a gefen sama ba, sai hadari.

A ofishin gandu ake biyan kuɗin shiga, a rubuta sunayen baƙi, a haɗa su da mai gadin daji wanda zai yi musu jagora. Ba a shiga ba tare da shi ba. Hanyar da take kaiwa ƙauyen Gashaka ta ƙasa ce, akwai duwatsu da rafuka a cikinta, ƙaramar mota ba ta jin daɗinta.

To, yanzu ga tambayar da ta kawo mu. Me ya sa kan dutse ya fi ƙasa sanyi, alhali kuwa ya fi kusa da rana? Amsar ita ce ba kai tsaye rana take ɗumama iska ba. Haskenta yana ratsa iska ya sauka a ƙasa, ƙasa ta yi zafi, sannan ita ƙasar ta ɗumama iskar da take kwance a kanta. Ban da wannan, iska tana da nauyi. Ta ƙasa a danne take, domin duk ta sama a kanta take. Idan iska ta tashi sama, dannin yana raguwa, sai ta buɗe, idan ta buɗe kuwa sai ta huce. Masana sun auna sun ga cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Daga Maiduguri zuwa ƙololuwar Chappal Waddi akwai hawan kimanin mita 2,100, wato ragin digiri 13 ko 14 ke nan. Ranar da ma'aunin zafi ya kai 42 a Kasuwar Monday, mutumin da yake tsaye a kan wancan dutse a cikin iska mai daɗi yake. Da dare kuwa sai ya nemi bargo. Wannan raguwar danni ita ce kuma take sa kunnenka ya toshe idan mota tana hawa. Haɗiye yawu, zai buɗe.

Daga sanyin nan ruwa yake fitowa. Da damina iska takan taso daga Tekun Atilantika, ɗauke da danshi, ta nufo arewa maso gabas. Idan ta iso duwatsun iyakar Kamaru ba ta da hanyar wucewa sai ta hau. Tana hawa tana hucewa, iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe danshi kamar mai zafi, sai danshin ya zama gajimare, gajimare ya zama ruwa. Ka taɓa lura da yadda jikin kwalbar ruwan sanyi yake jiƙewa idan an fito da ita daga firiji? Abin da yake faruwa ke nan, sai dai a nan kwalbar dutse ce. Shi ya sa ruwan da ake yi a Gashaka a shekara ya kusan ninka na Maiduguri sau uku, damina kuma takan kai wata bakwai, tamu kuwa da ƙyar take cika huɗu.

Amma yawan ruwan sama kaɗai ba ya yin kogi mai ɗorewa. Idan ruwa ya sauka a kan dutse tsirara, nan da nan yake gangarowa gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa, ya yi ambaliya a kwari, bayan kwana biyu a nemi ɗigo a rasa. Idan kuwa ya sauka a kan kurmi, ganye ne yake fara tare shi, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya tsotse shi, saiwoyi su buɗe masa hanya ya nutse. Daga nan yake tsattsafowa sannu a hankali ta maɓuɓɓugai, wata bayan wata. Mun tsaya a bakin kogin Kam a tsakiyar rani, lokacin da kogin Ngadda na gida ya koma yashi da ƙananan kududdufai, muka tarar da ruwa garau yana gudu, ana ganin kifi a ƙasansa. Ruwan daminar da ta wuce ne kurmi yake saki. Kam da 'yan'uwansa su ne suke ciyar da kogin Taraba, Taraba ya zuba a Binuwai, Binuwai ya sadu da Kwara a Lakwaja. Masunta da manoman rani da ba su taɓa jin sunan Gashaka ba suna cin arzikinsa.

Mu mutanen Maiduguri bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Ruwan Ngadda ma ba a cikin gari yake farawa ba. Daga wajen duwatsun Mandara yake tasowa, ya bi ta fadamun Sambisa, ya taru a madatsar Alau. A ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ta ɓalle, kowa ya ga abin da ruwan nesa yake iya yi wa gari a dare ɗaya. Abin da ya faru a tudu, mutumin kwari ne yake karɓar saƙonsa.

Kare waɗannan maɓuɓɓugai yana cikin manyan dalilan da suka sa aka keɓe dajin tun farko. Akwai ma wani abu da zai ba ka mamaki. A farkon shekarun 1970, lokacin da aka keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti, yankin yana cikin Jihar Arewa Maso Gabas ne, wadda aka ƙirƙira a 1967, babban birninta kuwa Maiduguri. A 1976 aka raba jihar gida uku, Borno da Bauci da Gongola. A 1991 aka sake raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba, a shekarar nan kuma Gwamnatin Tarayya ta haɗe dazuzzukan ta mai da su gandun daji na ƙasa. Kafin duk wannan, yankin ya taɓa zama a hannun Jamusawa, cikin ƙasar Kamaru, har yanzu ma akwai kufan ganuwarsu a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Ingila ta karɓi riƙonsa, sai a 1961 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna.

Yara dai ba tarihi ya kawo su ba, dabbobi suke nema. A nan ya kamata in gargaɗe ka. Wanda ya saba da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda dabba take tsaye a keji tana jiransa, zai iya jin an yaudare shi. A Gashaka dabba a gidanta take, kai ne baƙo, kurmi kuma yana ɓoye ta. Akwai ɓauna da gwanki da mazo da gadu da damisa, akwai dorina a zurfafan wuraren kogin Kam, akwai tsuntsaye fiye da iri 500. Mu abin da muka gani da idonmu shi ne garken gwaggon biri a bakin hanya, da wasu birai baƙaƙe masu farin gashi da doguwar jela suna tsalle a saman itatuwa, da sawun ɓauna a cikin laka. Mai gadin daji ya tsugunna ya nuna wa yara sawun, ya ce na daren jiya ne, ya kuma nuna musu yadda aka yi ya sani. Sun fi daɗewa suna maganar wannan fiye da birai.

Dabbar da ta fi jawo wa gandun suna a duniya ita ce wadda Turawa suke kira cimfanzi. Mutanen yankin suna da suna mafi kyau, da Hausa: biri mai ganga. Manyan itatuwan kurmi suna da saiwoyi masu faɗi kamar allo a gindinsu, shi kuwa wannan biri yakan doke su da hannu da ƙafa, ƙarar ta tafi nesa kamar ana kiɗa. Irin da ke Gashaka a Nijeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, shi ne kuma mafi ƙarancin yawa a cikin ire-iren cimfanzi huɗu. Masu bincike da suka fara zama a dajin tun daga shekarar 2000 sun gano cewa yana gyara tsinke ya zura a rami ya ciro kwarkwasa, yana kuma amfani da sanda wajen ɗibar zuma. Ganinsa sai wanda ya yi tafiyar ƙasa mai nisa ya kuma yi sa'a. Mu ba mu gan shi ba.

Kada ka ɗauka ba mutane a cikin gandun. Akwai ƙauyuka da aka bari a cikinsa bisa doka, akwai kuma Fulani makiyaya a kan tsaunuka. Sunayen wuraren ma shaida ne, domin mayo da Fulatanci kogi ne, chappal kuwa tsauni. Abin da ya kai makiyaya can sama, shi ne dai sanyin da muka yi bayani. Ƙudan tsando, wanda cizonsa yake sa wa shanu ciwon sammore, yana son ɗumi da inuwar bakin rafi. Ba ya iya zama a kan tsauni mai sanyi. Sama ta zama mafakar shanu, ga ciyawa, ga ruwa. Matsalar ita ce makiyayi yakan sa wa busasshiyar ciyawa wuta da rani don sabuwa ta tsiro, wutar kuma takan ci gefen kurmi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Ga mafarauta, ga masu haƙar ma'adinai. A tsakiyar shekarun 2010 kuma sai ga masu saran maɗobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid, ana lodin gungumenta a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, daga can zuwa ƙasar Sin. Dazuzzukan Taraba sun ji jiki ƙwarai. Masu gadin daji sun rasa rayuka a wannan aiki.

Ba na son ka ɗauki makiyayi ko manomin ƙauye a matsayin mugu a cikin wannan labari. Kakannin wasunsu sun riga dokar gandu zuwa wurin. Mutumin da aka hana shi farauta da kiwo da saran itace, ba a kuma nuna masa wata hanyar ci ba, ba zai ga gandu a matsayin gonar gidansu ba, zai gan shi a matsayin gonar gwamnati. Shi ya sa tun 2017, da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar aiki tare da gidauniyar Africa Nature Investors, aka mai da hankali ga ɗaukar 'ya'yan yankin aikin gadin daji. Wanda ya yi mana jagora ɗan yankin ne. Da Hausa muka yi magana da shi, ko da yake ba harshen uwarsa ba ne, kamar yadda ba na matata ba ne, ita da Kanuri ta tashi. Da Hausa muka sayi mai a Biu a ƙasar Babur, muka tambayi hanya a Numan a ƙasar Bachama, muka yi cinikin doya a ƙasar Mumuye. Kai da kake koyonta a aji, ka san abin da kake tarawa.

Hawa Chappal Waddi tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, ba ta masu ƙananan yara ba. Iyalin da yake son ɗanɗana sanyin sama a cikin mota, sai ya koma Serti ya ci gaba kudu zuwa Mayo Selbe, inda hanya take fara hawa tsaunin Mambila. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Hira ta ɗauke a cikin mota. Uwargida ta ce, "Malam, a hankali dai," ba ta kuma sake cewa komai ba sai salati. Da muka kai sama, kimanin mita 1,600, sai ga wata duniya dabam: tuddai masu laushi kamar an lulluɓe su da darduma, ba itace sai jefi-jefi na turare da aka dasa, shanu ko'ina, mutane sanye da rigunan sanyi da rana tsaka. A Kakara akwai gonar ganyen shayi, shukar da ba ta yi sai inda akwai sanyi da ruwa mai yawa. Yara suka fito daga mota suka koma da gudu suna neman zannuwan rufa.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Direban da ya dogara da birki kaɗai zai sa shi ya yi zafi har ya daina kamawa. Sai a sa mota a ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe ta, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Kana sauka kunnenka yana sake toshewa, zafi yana dawowa, ana tuɓe rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. A gadar Bali muka tsaya muka ci abinci. Ƙasan gadar mata suna wanki, wani mai kwalekwale yana jefa birgi, can gefe kuma injin ban ruwa yana ta ƙara a cikin gonar rani. Babban ɗana ya leƙa ya tambaya ko wannan ruwan ne muka sa ƙafa a cikinsa shekaranjiya a cikin daji. Na ce masa har da shi a ciki.